Siririn Fim na Isiyaku

Jiya da azahar barci ya sace ni a ɗakin gwaji na sashen Fiziks, na yi wani mafarki. Shekarata bakwai ina neman digirin dakta a kan abin da muke kira siririn fim, wato wani shafe da inji ke ɗorawa a kan gilashi, wanda silin gashi ya fi shi kauri sau dubu. Ranar Alhamis wa'adina zai cika, in babu sakamako a soke sunana. Inna kuwa har yau gaya wa maƙwabta take ɗanta harkar fim yake yi.

To, a mafarkin sai ga Inna ta ciko mota da matan unguwarmu, sun zo kallo. Suka baza tabarmi a gaban injin, har da mai tallan gyaɗa. Na ɗaga musu ɗan gilashin.

"Isiyaku, an fara ne?" in ji Inna.

"An ma gama, Inna."

"To ina 'yan wasan?"

"Sun yi ƙanƙanta, ido ba ya ganin su."

"Allah sarki, yunwa ce," in ji wata tsohuwa.

Sai na gan ni a gaban masu jarrabawa. Baƙon malamin da aka gayyato ƙadangare ne, cikin kwat. Duk abin da na faɗa sai ya gyaɗa kai, amma ya ƙi sa hannu. Shugabar sashe, wata akuya mai tabarau, tana cin babi na uku na kundin bincikena cikin natsuwa. Ban hana ta ba, da ma babin ya ishe ni.

"Fim ɗin ya yi kauri," ta ce. "A rage."

"Ranki ya daɗe, da me zan rage?"

"Da abin da ka saba."

Na koma na kunna injin. Ashe duk kunnawa ni nake raguwa, gilashin yana nan yadda yake. Agogona ya zame ya faɗi. Na sake kunnawa. Wallahi na gaji, irin gajiyar da ko tsoro ba ta bar mini ba. Aka auna ni, aka ce kaurina nanomita ashirin, awon siririn fim, madalla, ya cika sharaɗi. Ƙadangare ya sa hannu.

Ranar yaye ɗalibai na tsaya a gaban Inna riƙe da takardata. Tana kallon bango ta cikina.

"Wai ina Isiyakun?" take tambayar mutane. "Sallah nawa bai zo gida ba, yau ma bai zo ba?"

Na buɗe baki in ce ga ni, ashe muryar ma an rage ta.

Gurnanin waya a kan tebur ne ya tashe ni. An ɗauke wuta tun ɗazu, injin ya tsaya, aikin ya sake lalacewa. Na duba wayar, Inna ce. Na bar ta tana ta ruri, na ɗauko wani gilashin na fara wankewa.