Filas ɗin Heber a Kan Dusar Ƙanƙara

Mu mutanen Uruguay ba mu da dutse. Abin da muke kira dutse a ƙasarmu, tsohuwa ma tana hawansa da silifas, ta sauko ba ta yi haki ba. Abin da muke da shi filas ne. Namiji ya kai shekara arba'in, za ka gan shi da filas ɗin ruwan zafi a maƙale a hammatar hagu, ƙoƙon shayinmu na mate a tafin hannun, yana tafe yana tsiyaya ruwa a kan ganyen nan mai ɗaci yana zuƙa da bututun ƙarfe. Hannun dama shi ke yin sauran hidimar duniya.

Heber Techera, mai yankan tikiti a tashar motar Tacuarembó, ya wuce kowa a wannan fanni. Da hannu ɗaya yake tuƙa babur, da hannu ɗaya ya karɓi 'yarsa ranar da aka haife ta. Matarsa Zulma ta yi haƙuri da hakan shekara ashirin da biyar, kuma cikar shekarun ne ya kawo su garin Bariloche na ƙasar Ajantina a watan Yuli, tsakiyar sanyi, don su ga dusar ƙanƙara da idonsu kafin gwiwa ta ƙi.

Rigimar ta fara ne da safe a dandalin garin, inda masu hoto ke tsayawa da manyan karnukan nan masu gashi buzu-buzu. Heber da Zulma sun riga sun leƙa tafkin garin, sun shiga shagunan cakulan har uku suna ɗanɗana na kyauta da fuskar masu niyyar saye. Zulma ta ce sai an ɗauke su da kare. Aka ɗauka. Da mai hoton ya miƙo takardar, ta daɗe tana dubawa.

Karen ya jingina kansa a cinyarta kamar sun shekara tare. Heber kuwa yana gefe, ya ɗan karkace, ya rungume filas.

"Tsoho," ta ce, "zo ka ga wani abu. Wa ya fi kama da mijina a nan?"

"Karen ya fi ni gashi, wannan na yarda."

"Hoton aurenmu akwai filas. Hoton baftismar 'yarmu Noelia akwai filas. Ranar jana'izar babana kai ne kake zagayawa da ƙoƙo kamar an zo kallon ƙwallo."

"Mutane sun sha, sun gode."

Ta sa hoton a jaka, ta ja zif a hankali. "Ka san bangon falo, inda hoton aurenmu yake? Zan sauke shi, ya koɗe. Hoto ɗaya nake so daga wannan tafiya, hannuwanka biyu a jikina. In ban samu yau ba, almakashi zan sa wa wannan in cire ka, in rataya ni da kare. Duk wanda ya shigo gidan ya tambaya, kai za ka yi bayani."

Heber ya san matarsa. Ba ta ɗaga murya, kuma ba ta faɗin abu don a ji daɗin hira. Gobe da sassafe motarsu za ta tashi. Ya hango surukarsa zaune a falo tana kallon karen, tana cewa ai dama can ta faɗa.

A gindin dutsen Catedral aka ba su hayar kaya: riguna masu kumburi, takalma masu nauyin bulo, allunan zamiya dogaye, da sanduna bibbiyu. Akwai akwatunan ajiya a jikin bango. Zulma ta tsaya a kansa har ya sa filas da ƙoƙo a ciki ya kulle, sannan ta tafi neman banɗaki.

Heber ya tsaya shi kaɗai. Hammatarsa ta hagu ta yi wani irin sanyi da bai taɓa ji ba, kamar an cire masa haƙori. Hannun ya rasa inda zai sa kansa, yana lilo a gefe kamar na aro. Ya gaya wa kansa cewa hannuwa ta ce, ba ta ce komai a kan cikin riga ba. Ƙoƙon ya shige aljihu. Filas ɗin ya koma mazauninsa ta ƙarƙashin rigar, ya ja zif har wuya. Rigar dama mai kumburi ce, kuma shi ma ba siriri ba ne.

Mai koyar da su wani ɗan Ajantina ne, Lautaro, mai furfura da fuskar da rana ta gasa. Yana jin maganarsu ya yi murmushi.

"Maƙwabta ne ashe. Malam Heber, ina filas? Ko an kama shi a kan iyaka?"

"Yana hutu," in ji Zulma.

Heber ya kalli sama, ya yaba kyawun gajimare.

Filin 'yan koyo ɗan gangare ne da ko ƙwallo aka ajiye sai ta yi shawara kafin ta gangara. Lautaro ya nuna musu yadda ake haɗa kawunan allunan a buɗe bayansu in ana son tsayawa. Zulma ta faɗi sau biyu, ta tashi tana dariya, daga nan kuma sai ta kama abin. Tana sauka a hankali, baya a miƙe, kamar mai kai tiren shayi wa baƙi.

Heber kuwa wata cuta ta same shi wadda Lautaro ya ce bai taɓa gani ba. Da ya taso, sai jikinsa ya karkata hagu, allunan su kwashe shi dama, ya yi baka mai kyau ya ƙare a cikin raga mai ruwan lemo da aka kewaye filin da ita. Ya sake hawa, ya sake sauka, raga. Har wani wuri ya lotsa a jikinta daidai girmansa. Yara 'yan ƙasar Brazil da aka fara koya musu tare da shi sun soma yi masa hannu in sun wuce.

"Buɗe hannuwan, maƙwabci," Lautaro ya ce. "Kamar za ka rungumi wani. Na hagun nan me ya same shi?"

"Tsohon ciwo ne."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin aure," in ji Zulma daga ƙasa. Ta tsaya tana kallonsa, ido a ƙanƙance, irin kallon da take yi wa mahauci in ya ɗora nama a sikeli.

Ba wai Heber bai gwada ba. Ya gwada matse filas ɗin da haƙarƙari kawai, ya gwada tura shi cikin wando. Kuma duk wannan wahala ko kurɓa ɗaya bai yi ba, don babu inda zai ɓuya a farin fili irin wannan. Yana dai jin ɗuminsa a gefen ƙirji, kuma hakan ya ishe shi.

Da rana ta karkata, mai hoton wurin ya zo ya durƙusa a ƙarshen gangaren yana ɗaukar duk wanda ya sauko. Lautaro ya ce saura sauka ɗaya lokacinsu ya cika. Zulma ta riga shi. Ta sauka lafiya, ta juya da ƙyar ta fuskanci sama, ta soke sandunanta a ƙanƙara.

"Tsoho," ta kira shi, "ga ni, ga mai hoto. Daga nan sai almakashi."

Heber ya dubi ragar, wadda ta riga ta zama kamar 'yar uwa. Ya dubi matarsa, hancinta ya yi ja, hular haya ta rufe mata gira ɗaya. Ya yi lissafin cewa in ya ɗaga hannun kaɗan, ɗan kaɗan, robar ƙasan rigar za ta riƙe. Ya tura kansa gaba, ya ɗaga.

Robar rigar haya ce, ta ga ƙugu iri-iri. Filas ɗin ya sulale ta ƙasa, ya faɗi tsakanin allunan, ya miƙe ya kama hanya. Duk ranar nan babu wanda ya yi zamiya mai kyau irin tasa a filin. Bai karkata ba, bai yi shawara ba, ja ne fes a kan farin ƙanƙara.

Abin da Heber ya yi bayan nan, Lautaro ya ce da zai iya koyar da shi da ya yi suna. Ya saki sandunan. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe daidai, nauyinsa ya zauna a tsakiya, hannuwa biyu suka miƙe gaba a buɗe. Ya sauko a miƙe kamar an ja shi da zare, bai ko kalli ragar ba. Filas ɗin ya wuce ta gefen takalmin Zulma. Heber ba a koya masa kauce wa mutum ba tukuna. Ya iso da hannuwa a buɗe, ya kwashe ta gaba ɗaya, suka yi ɗan tafiya a haka a tsaye, sannan suka zube tare, alluna a sama.

Suna kwance, ƙanƙara a kunne, ta ce, "Wannan jan abin da ya wuce ni, mene ne?"

"Wani tsuntsu ne na yankin nan, ina ji."

"Tashi daga kan ƙafata."

A rumfar mai hoto aka nuna musu a allo. An kama su kafin faɗuwar. Hannuwan Heber biyu sun zagaye ta, ya ƙanƙame ta kamar wanda aka ce za a ƙwace masa ita. Bakin Zulma a buɗe, ba a gane dariya ce ko neman agaji, amma ta yi kyau. Sai dai idon Heber ba a kanta yake ba. Ya leƙa ta saman kafaɗarta zuwa kusurwar ƙasa, inda gindin filas ja yake shirin fita daga hoton, kuma a fuskarsa akwai wata irin ƙauna da tashin hankali da ba ta taɓa gani ba a shekarun nan duka.

Heber ya yi tsuru-tsuru. Ya soma tunanin bayanin da zai riƙa yi wa baƙi game da kare.

"Ana iya yanke kusurwar, uwargida," in ji mai hoton. "Ba wanda zai sani."

Zulma ta matso da fuskarta kusa da allon. Ta duba hannun dama, ta duba na hagu, yatsa bayan yatsa.

"Bar shi," ta ce. "In ka yanke, mutane za su ɗauka wata yake kallo. Wanke mini babba." Ta juyo ga mijinta. "Hannuwa na ce, na samu hannuwa. Maganar ido sai aurenmu ya cika shekara hamsin."

Lautaro ne ya kawo filas ɗin, ya tsinto shi a bakin wurin ajiye motoci, ya ɗan loɓa a gefe. Ya miƙa wa Heber da hannu biyu kamar mai mayar da jariri.

A motar komawa gari Zulma ta zauna jikin taga, haƙoranta suna kaɗawa, babban hoton a kan cinyarta. Na karen yana nan cikin jaka, ba ta yar ba, kuma ta tabbatar ya ga ba ta yar ba. Sun wuce lanƙwasa biyu ko uku ta hanyar kafin ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Ruwan da sauran zafi?"

Heber ya buɗe murfin, tururi ya taso. Ya ciro ƙoƙon daga aljihu, ya gyara ganyen, ya shanye na farko mai ɗaci kamar yadda aka saba, ya cika na biyu ya miƙa mata. Filas ɗin ya koma hammata, loɓawar ta zauna daidai a kan haƙarƙarinsa.