Jiƙon Kawu Harisu

Dokta Musaddiq Issifou na tsaye gaban madubi yana maimaita jawabi da Faransanci, har da ɗan dakatawa a inda yake sa ran za a tafa masa, sai wayarsa ta yi ƙara. Ƙarfe goma zai yi magana ta bidiyo da manyan masana na Turai a kan bincikensa na shekara takwas: cutar da garkuwar jikin mutum ke juyowa ta far wa jijiyar idonsa da lakarsa. Maƙala goma sha bakwai ya wallafa a kanta. A Zongon Sokodé kuwa, inda aka haife shi, abin da aka sani game da aikinsa bai wuce yana da 'yar gudumar roba da yake ƙwanƙwasa wa mutane a gwiwa ba.

"Dokter, ni ce Mas'uda ta Dapaong," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Idon hagun ya fara. Tun shekaranjiya dishi-dishi nake gani, in na juya shi kuma zafi."

Sunan bai faɗo masa nan take ba. Sai da ta ce mai ido ɗaya, sannan ya gane lamba goma sha huɗu ce a jerin majinyatansa.

Shekara biyu da suka wuce cutar ta kashe mata idon dama, ta shanye mata ƙafafu. Ya yi mata ƙarin ruwa da magani mai ƙarfi kwana biyar a asibiti, aka mayar da ita gida tana kwance, don maganin sai a hankali yake nuna aikinsa. A gida, Kawu Harisu, kawun mijinta, dillalin shanu, ya shiga ɗura mata jiƙon da yake ba maruƙa masu zawo. Bayan sati uku ta miƙe. Tun daga ranar Kawu bai sake taka kasuwar shanu ba. Ya zama mai magani, ya kuma hana ta ƙwayoyin asibiti.

"Ki tafi asibiti yanzu-yanzu," in ji Dokta. "In aka ƙara kwana biyu, idon nan ya tafi, ba kuma zai dawo ba."

"Kawu ya ce ko ƙofar gida ban takawa. Maigidana Abdoulaziz na hanyar Ouagadougou da babbar mota. Na kira shi, ya ce abin da Kawu ya ce shi ke nan."

Dokta ya rubuta wa Turawa cewa a ɗage jawabin. Ya ɗauki kwalaben magani, ya ɗauki kular ƙanƙara ta ajiye jini. Gaskiya dai a faɗa, tausayi ya kama shi, amma can a ƙasan tausayin akwai 'yar murna. Jinin majinyaci a daidai lokacin da cutar ta motsa abu ne da ya daɗe yana nema.

Ya wuce Kara, ya wuce Mango, yana kurɗawa tsakanin manyan motoci, ya isa Dapaong ana fitowa daga sallar azahar. Bai sha wahalar neman gidan ba. Allo ne ƙato a ƙofa: Alhaji Harisu, Mai Warkar da Shanyewar Jiki da Sauransu. Ga hoton Mas'uda a tsaye da taɓarya, an ɗauke ta ta gefen hagu yadda mataccen idon ba zai fito ba. Benci shida cike da mutane, wasu daga Tandjouaré, wasu daga Bombouaka, har da na Cinkassé, kowa da galan ɗinsa na ɗibar jiƙo.

Kawu ya karɓe shi a zaure da fara'a, ya sa aka kawo ruwa. Dokta ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya buɗe lacca. Ya yi bayanin garkuwar jiki, ya zana jijiya a bayan wata takarda, ya ambaci sunayen jami'o'i biyu. Kawu na cin goro yana gyaɗa kai.

"Ka gama, ɗana?" in ji shi. "Kai ka riƙe ta kwana biyar, aka fito da ita kan katifa. Ni na riƙe ta sati uku, ta tashi ta daka gero. Mutane suna da ido fa."

"Kawu, maganina ne ya yi aiki. Sai a hankali yake ratsa jiki."

"Nawa ma haka."

"Zan iya kiran hukuma."

"Kira. Ga surukar wani babban jandarma can a benci na biyu, sai ka karɓi lamba wurinta."

Dokta ya ji kamar ya fasa ihu. Sai ga Mas'uda ta fito daga cikin gida tana lalubar bango. Ya tashi, ya ɗaga yatsu uku daf da fuskarta, ya tambaye ta nawa ne. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce biyar. Kawu ma ya gani, ya daina taunar goron. Ba mugu ba ne. Shi ya riƙe mijinta tun yana maraya, shi ya biya sadakinta. Amma in aka ga mai hoton da ke jikin allo ta shiga motar likita, gobe benci shidan nan sai dai kaji su hau.

"Shekara talatin ina dillanci," in ji Kawu a hankali, "ban taɓa barin ciniki ya mutu a hannuna ba. Kana da farar rigarku a mota?"

"Ina da ita."

"Saka ta, da abin nan da kuke ratayawa a wuya. Ka zauna a benci, in ba ka ƙoƙo ɗaya ka sha gaban jama'a, in ɗauke ka foto. Sannan ni da bakina zan ce na tura ta lopital, asibitin nan naku, a sa mata serom, wato ƙarin ruwa, don jiƙon ya ƙara ratsa ta. Kai ka samu mara lafiya, ni ban rasa mutunci ba."

Dokta ya dubi wayar da ke hannun Kawu. Ya san kafin la'asar hoton zai kai Lomé, kafin jibi ya tsallaka teku. Ya hango abokan aikinsa, musamman waɗanda suka daɗe suna jiran ya yi tuntuɓe. Ya kuma hango masu galan ɗin nan, da wasu ɗari da hoton zai jawo, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Mas'uda dai na tsaye riƙe da bango.

Ya tafi mota ya ɗauko rigar.

Wata tsohuwa ta matsa masa wuri a benci, ta tambaye shi ko shi ma ƙafa ce. Kawu ya ɗebo jiƙon daga randa, baƙi wuluk, da kumfa a sama, ya ɗaga murya: "Jama'a, ga babban dokter da ya yi karatu Faransa, daga Sokodé ya taso takanas!" Aka yi kabbara. Dokta ya rufe ido ya kafa kai. Abin ya fi maɗaci ɗaci, ga warin turken shanu.

Kawu ya duba wayarsa ya yi tsaki. "Ka rufe ido, foton bai yi ba. A ƙaro masa."

Ya shanye na biyu ido buɗe, hawaye na zuba.

"Yaya ka ji shi, Dokter?"

"Da ɗaci, Kawu."

"Kun ji da kunnenku!" in ji Kawu. "Shi ma ya shaida."

Kafin la'asar Mas'uda na kwance a gadon asibiti. Dokta ya fara ɗibar jininta kwalba uku ya sa a kula, tunda dai an sha ɗacin, sannan ya rataya ruwan da hannunsa ya daidaita ɗigonsa. Wayarsa sai kaɗawa take a aljihu. Ya leƙa sau ɗaya. Wani abokin aikinsa ne daga Lomé ya turo masa hoton da Kawu ya ɗauke shi da ƙoƙo a baki, ba ko kalma a ƙasa sai alamar tambaya guda uku. Ya kashe wayar ya zauna a kujera.

"Idon zai dawo, Dokter?" in ji Mas'uda.

"Mun zo a kan lokaci, ina sa rai. Amma ba yau ba. Sai a hankali."

"To, Allah ya sa." Ta fuskanci rufin ɗakin. "Da gaske ka shanye? Na ji ana kabbara, amma ban gani ba."

"Na shanye."

"Ƙoƙo biyu?"

"Biyu."

Ta toshe baki da hannun da ba allura, kafaɗunta na rawa don dariya, har igiyar ruwan na motsi. Da ƙyar ta samu numfashi.

"Wallahi kai jarumi ne. Ni sau biyu kawai na haɗiye shi, farkon dawowata gida daga asibiti. Tun daga nan a makwarara nake zubar da nawa in Kawu ya juya baya. Ko akuya ba ta shinshinar wurin."

Dokta ya miƙe zaune. "Shekara biyu? Kin san ba shi ya tashe ki ba?"

"To da wa ya tashe ni, in ba Allah da serom ɗinka ba?"

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta juyo da fuskarta inda muryarsa take.

"Wa ya tambaye ni?"

A jakarsa akwai takardar binciken da yake cike wa kowane majinyaci, tambaya sittin da biyu, shi ya tsara ta da kansa. Tambayar da ya yi mata yanzu ba ta ciki.