Leɓen Rahamatu

A shekarar da aka samu 'yancin kai aka ɗinke wa Tasalla tsagaggen leɓenta a Kano, tana ƙaramar yarinya. Ɗinki ne miƙaƙƙe, daga hanci zuwa baki. Da ya warke sai ya tsuke, ya ɗage leɓen, haƙori ɗaya ya zauna a waje. Haka ta girma a Roni, kullum gefen mayafi a bakinta.

Ta auri Sama'ilu, tela a Kazaure. 'Yarsu Rahamatu ita ma ta zo da tsagaggen leɓe. Lokacin arzikin mai ya buɗe, likitoci sun ƙaru, sai suka kai jaririyar Kano.

Wata nas mai suna Lydia ta yi wa Tasalla bayani: "Yanzu ba a miƙe ake yankawa ba. Lanƙwasawa ake yi, a sauko da leɓen, a haɗa naman ciki tukuna, sannan a ɓoye ɗinkin a layin nan na ƙarƙashin hanci."

Aiki ya yi kyau. Mata masu zuwa dubiya sai su ce, "Kai, kamar ba a taɓa ba!" Daga nan idonsu ya zame zuwa bakin uwar.

Tasalla ta gode wa Allah da zuciya ɗaya, amma wani abu ya tokare mata ƙirji. Rahamatu na tasowa, in ta ƙyalƙyale da dariya sai uwar ta daka mata tsawa. Ranar wani biki yarinyar ta shafa jambaki, Tasalla ta goge shi da ƙarfi har ta sa ta kuka.

Inno, mahaifiyar Tasalla, ta zo bikin daga Roni, tana gani. Ta ce, "Tasalla, 'yar cikinki kike wa ƙyashi?"

Tasalla ta ce, "Inno, ni me ya sa ba a yi mini irin nata ba?"

"A zamaninki iyakar abin da aka iya ke nan. Ki koma asibiti mana."

Bayan girbi ta koma. Likita ya ce zai sassauta tsukewar, amma tabo ba zai ɓace ba. Ta ce ta yarda.

Ranar da ta dawo, Rahamatu ta tare ta a zaure. "Umma, da zafi?"

"Da zafi."

Ta dubi leɓen yarinyar. Har yanzu ya fi nata kyau, ta kuwa ji abin ya motsa a ƙirjinta. Ta sunkuya ta ɗauke ta, suka shiga gida.