Abin da Mai Aski Ya Faɗa a Talabijin

Yeom Deok-bae ya shekara talatin da huɗu yana aski a Solmi, ƙaramin gari na masunta da ke tsakanin teku da dutse. Duk baƙon da ya zauna a kujerarsa, kafin almakashi ya taɓa gashinsa ya ji labarin Tak Jin-mo. Zai ce masa a wannan kujerar aka yi wa Jin-mo askin fari, yana ihu yana shure-shure, kuma tun ranar ya san ƙafar nan za ta yi aiki. Yanzu Jin-mo yana buga ƙwallo a Turai, ana biyansa kuɗin da mutanen Solmi ba sa iya faɗa ba tare da sun yi dariya ba. Deok-bae bai taɓa neman komai a wurinsa ba. Hoton yaron dai yana manne a jikin madubi, kuma duk ranar da ya ci ƙwallo, tsofaffin gari suna shan shayi kyauta a shagon.

Mahaifiyar Jin-mo, Pyo Sun-rye, tana bayan layin shagon. Ɗanta ya saya mata gida a Seoul, babban birnin ƙasar, ta ƙi komawa, ta ce ba ta san kowa a can ba, kuma babu inda za ta shanya kifinta. Ita da marigayiya matar Deok-bae tare suka yi 'yanmatanci, don haka Yaya take kiransa, shi kuma ya ce mata Maman Jin-mo kamar kowa.

A watan Afrilu wuta ta tashi a dajin da ke kan dutse. Iska ce mai ƙarfi ta koro ta, kafin la'asar ta gangaro cikin gari. Babu wanda ya mutu, amma gidaje sittin da 'yan kai sun ƙone, har da gidan Deok-bae da shagonsa, har da gidan Maman Jin-mo. Aka kwashe su zuwa babban zauren makarantar firamare, aka kafa wa kowane gida ƙaramin tanti, aka raba barguna da takalman roba.

Zaman zauren ba aiki, sai kallon waya. Tun kwana na biyu jaridu suka fara fitar da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa: mawaƙiya wance ta ba da miliyan ɗari na won, kuɗin ƙasar, ɗan fim wane miliyan hamsin, wani mai wasan barkwanci ya aiko da mota cike da ruwa. Kullum da safe jerin sunayen yana ƙara tsawo, mutane suna bi da yatsa suna neman suna ɗaya.

Wanda ya fara faɗa a fili shi ne Ma Bong-gil, tsohon direban bas, abokin Deok-bae tun na ƙuruciya, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Ya zo ya tsuguna a ƙofar tantin yana riƙe da kwanon shinkafa.

"Mai aski, ina ɗan naka? Ko wayar Turai ba ta kamawa ne?"

"Ci abincinka, Bong-gil."

"Ina ci. Mawaƙiyar da ba ta san hanyar Solmi ba ce ta sayi abincin. Kai dai ka yi asarar shayi."

Waɗanda ke kusa suka yi dariya, Deok-bae ma ya yi, amma abin ya zauna masa.

A kwana na huɗu Maman Jin-mo ta same shi a wajen famfo yana wanke safa. Ta rage murya ta gaya masa cewa Jin-mo yana kira kullum, har ya tambayi lafiyarsa. Ya so ya tura kuɗi tun ranar farko, ita ta hana. Ta ce ba ta son a jera sunan ɗanta a jarida kamar mai tallan sabulu alhali maƙwabtanta na kwance a ƙasa. Saura mako uku a gama kakar wasa. Ta ce ya bari ya zo da ƙafarsa, ya zauna da mutane, ya ji abin da kowa ke bukata. Ta roƙi Deok-bae ya riƙe maganar, don in ta fita za a ce suna neman yabo ne kafin su yi. Ya ce ya ji, kuma ya ce ta yi daidai.

Kwana biyu bayan haka aka bar mutane su je su duba gidajensu. Deok-bae ya tafi shi kaɗai. Bango biyu ne suka rage a tsaye. Kujerar askin tana nan, ƙarfe zalla, fatar ta narke ta daskare a ƙasa. Ya tona toka da sanda a inda akwatin matarsa yake, bai samu komai ba sai maɓallai da murfin tukunya. Hotunanta duka sun tafi. Ya tsaya yana ƙoƙarin tuno fuskarta a ranar aurensu, ta ƙi zuwa masa sosai.

Yana nan tsaye wata matashiya 'yar jarida ta zo da mai ɗaukar hoto. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi abin da ya rasa, ya gaya mata. Sai ta ce an ce mata shi ne ya fi kowa sanin Tak Jin-mo a garin nan, shin ya ji daga gare shi?

Deok-bae ya san amsar gaskiya. Tana bakinsa. Amma ya dubi hannunsa baƙi ƙirin da toka, ya tuna dariyar da aka yi masa a zaure, sai ya ji kansa yana cewa:

"Wanda ya saba taka ciyawar Turai, me zai zo yi a cikin toka? Mu muka raine shi. Ko kwalbar ruwa ba mu gani ba."

Da yamma aka nuna shi a labarai, tsoho mai furfura a gaban ƙonanniyar kujera. Washegari maganar ta zagaye ƙasa. A intanet aka yi ta yaɗa hoton Jin-mo a cikin motarsa kusa da hoton Deok-bae a cikin kango. Wasu suka lissafa abin da yake samu a minti ɗaya, suka ce kafin ya ɗaure igiyar takalminsa ya sami kuɗin rufin gida. Wasu suka ce a cire shi daga tawagar ƙasa. 'Yan kaɗan suka ce kuɗinsa ne, guminsa ne, ba a tilasta kyauta. Aka rufe su da zagi.

A zaure kuwa Deok-bae ya zama gwarzo. Ana dafa masa kafaɗa, ana cewa ya faɗi abin da ke ran kowa. Bong-gil ya kawo masa gwangwanin kofi mai zafi ya ce ashe mai aski yana da baki. Maman Jin-mo ba wanda ya zage ta, amma in ta shiga layin abinci sai hira ta mutu. Matan da suke haɗa kimchi, jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, tare da ita duk kaka suka riƙa matsar da tabarmarsu. Ta koma cin abinci a cikin tanti, ƙofa a zuge. Deok-bae ya wuce ta gaban tantin ya fi sau goma. Kalma biyu za ta isa, ya tsaya a tsakiyar zaure ya ce ya san yaron na nan tafe. Amma in ya faɗa, dole ya ce ya yi ƙarya a gaban ƙasa duka, kuma mutanen da ke dafa masa kafaɗa su ne zai ci gaba da zama da su. Kullum sai ya ce gobe.

Kwana biyar da nuna shi a talabijin, wata baƙar mota ta zo da hantsi don kai Maman Jin-mo Seoul, direba ya ɗauki jakarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta rusuna wa zauren gaba ɗaya, ba ta dubi kowa ba, ta fita.

Ranar ce kuma wakilan Jin-mo suka sanar cewa ya ba da won biliyan ɗaya don sake gina Solmi, ya fi abin da kowa ya bayar. Hakan bai wanke shi ba. Aka ce sai da aka kunyata shi ya saki, aka ce ai albashin 'yan makonni ne, aka ce da tsohon nan bai yi magana ba da shiru kake ji. Deok-bae ya nemi lambar 'yar jaridar, ya kira ta ya ce akwai abin da yake son gyarawa. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ta gode, za ta gaya wa editanta. Bai sake ji daga gare ta ba.

Jin-mo ya zo a farkon Yuni, ba 'yan jarida, da hula da takunkumi a fuska. Lokacin an mayar da mutane ƙananan ɗakunan kwano na wucin gadi a filin bayan ofishin gari. Ya bi su ɗaki ɗaki yana gaisuwa. Waɗanda suka fi zaginsa su suka fi riƙe hannunsa, Bong-gil har da hawaye da neman hoto. Ɗakin Deok-bae ya zo ƙarshe. Ya cire hula ya rusuna sosai, kamar yadda yake yi tun yana yaro, ya tambayi lafiyar gwiwarsa. Deok-bae ya rasa inda zai sa idonsa. Ya fara cewa ranar nan ba ya cikin hayyacinsa.

"Kawu, ni ba komai," in ji Jin-mo. "Duk Asabar mutum dubu hamsin ke zagina, na saba. Kuma da na turo tun ranar farko, da duk wannan bai faru ba, laifina ne da na bi maganar Mama." Ya juya hular a hannu. "Amma ta ce ta gaya maka. Kai kaɗai ta gaya wa."

Deok-bae ya ce haka ne.

Jin-mo ya jira ko akwai ƙari. Da bai ji ba, ya sake rusunawa, ya ce Kawu ya kula da kansa, ya tafi.

Kafin kaka gidaje suka fara tashi. Deok-bae ya sami ɗaki biyu da shago a gaba, da sabuwar kujera mai tashi da lantarki. Yanzu a Solmi ba a maganar kowa sai Jin-mo ɗan halak. Majalisar gari ta so ta sa sunansa a sabon filin wasa, ya aiko da takarda cikin ladabi ya ce a bari. Filin gidan mahaifiyarsa kaɗai ya rage ba gini, ciyawa ta rufe shi, daga baya aka ji an sayar wa wani mai ɗakunan haya na masu zuwa hutu. Wata rana Bong-gil na kan kujera, kumfa a fuska, ya ce shi fa tun farko ya san yaron ba zai ba su kunya ba, mutane ne ba su da haƙuri. Deok-bae ya tsayar da reza, ya gaya masa duk abin da ya faru a wajen famfo. Bong-gil ya tsura wa madubi ido. Daga baya ya ce to ai ya wuce, a ƙarasa masa askin.

A watan Nuwamba Deok-bae ya rufe shago ya hau bas zuwa Seoul, da ƙunshin busasshen kifi a cinya. Gidan yana hawa na ashirin da uku. Maman Jin-mo ta buɗe da kanta. Ta rame, ta rina gashi, tana sanye da silifas masu laushi. Ta karɓi kifin ta shinshina, ta ce wannan shanyar maƙwabciyarta matar Gu ce, har yanzu tana cika gishiri. Ta dafa masa shayi, ta yanka tuffa, ta yi ta tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya: wa ya koma gidansa, wa ya tafi wurin 'ya'yansa, ko an gyara hanyar bakin ruwa. Ta ce a nan ba ta san sunan maƙwabcinta ba, yini take tana kallon motoci ta taga.

Sai da shayin ya huce ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya ba ta haƙuri. Ta bar shi ya gama.

"Tashi, Yaya, gwiwarka. Abu ɗaya nake so in sani. Me ya sa?"

A cikin bas ya shirya amsoshi, wuta, gajiya, 'yar jaridar da ta matsa masa. Da ya buɗe baki ba ko ɗaya da ta fito.

"Gidanki ya ƙone, nawa ya ƙone," ya ce. "Amma ke ana kiranki kullum da safe."

Ta ce da ya faɗa mata haka a lokacin, da ta miƙa masa wayar. Ta ce ta yafe, kuma ya daina ɗaukar abin a ka, shekarunsu sun wuce nan. Ya tambaye ta ko za ta dawo, ko da ziyara ce, mutane na nemanta. Ta girgiza kai. Ta ce ba fushi take ba, amma ta ga fuskokinsu a layin abinci, kuma ba ta jin za ta iya zama ta haɗa kimchi da su kamar ba ta gani ba.

Ta raka shi har ƙasa, ta nuna masa inda zai hau jirgin ƙasa zuwa tasha, ta cusa masa tuffa biyu a aljihun kwat. Ya kama bas ɗin ƙarfe uku. Da suka tsaya hutu a hanya, sauran fasinjoji suka sauka sayen abinci, shi ya zauna a wurinsa har direba ya dawo.