Rabin Kofin Ruwa

Tana shanya a tsakar gida labarin ya iso. Abokin aikin mijinta ne ya yi sallama, ta leƙo ta gan shi riƙe da hular mijin, ya kasa haɗa ido da ita. Tayar gaban mota ce ta fashe a hanyarsu ta dawowa daga ƙauye. Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa, ba ta ko duba ba.

Mijin direba ne a wata ƙungiya mai yaƙi da talauci. Yana tuƙi yana sauraron hirar manya a kujerar baya, da yamma ya kawo mata kamar tsaraba.

"Ranki ya daɗe, ƙasashen duniya sun zauna sun yi alkawari. Sun ɗibi shekara, kafin ta zo za a rage talauci da rabi."

"To, mu a wane rabin muke?"

"Ai direba sai kowa ya sauka yake sauka."

"Ka ce su fara da takalminka, ga shi nan ya buɗe baki yana roƙo."

Ya yi dariya har da tari.

Wata rana aka raba wa manoma dashen mangwaro, ɗaya ya rage a bayan mota, jarka ta danne shi ya karye. Ba wanda ya so shi. Direba ya kawo shi gida, ya zare igiyar takalmin nan ya ɗaure karayar, ya dasa shi a gindin katanga. Tun daga nan, ruwan da take miƙa masa a kofi kafin ya fita aiki, rabi yake sha, ya juye wa dashen rabi.

"Shekarar da suka ɗiba, a inuwarsa za ki zauna," in ji shi. "Talauci ya tafi ko bai tafi ba, ke dai kina shan mangwaro."

Bayan rasuwar ko kallon wajen ba ta iya yi. Ga zafi, ga ba mai ba shi ruwa. Ganyen ya nannaɗe ya zube, sai tsinke tsaye. Yayarta, da ta zo taya ta zama, ta gaji da ganin tana kau da kai duk lokacin da za ta wuce.

"Bari in tuge wannan abin. Ya mutu, sai fama miki ciwo yake."

Har ta kama shi da hannu biyu.

"Yaya, tsaya!"

Ta zo ta durƙusa. Igiyar takalmin tana nan, ta nutse cikin ɓawon. Ta sa farce ta kankare ƙasa da ɗaurin, yadda ta sha ganin mijin yana yi. Ciki kore ne shar, da danshinsa. A nan ne ta yi kukan da ya ƙi zuwa ranar da aka kawo hular.

"Miƙo min kofinsa," ta ce.

Shekarar ta zo ta wuce. Ta ji a rediyo wasu ƙasashe sun cika alkawari, wasu ba su cika ba, an sake ɗibar wata shekarar. Har yau ba ta san a wane rabin take ba. Mangwaron dai ya wuce katanga, har maƙwabta suna tsintar nasu ta baya.

Saiwarsa ta yi nisa, ba ya bukatar ruwan kowa. Amma kullum da safe takan cika kofin, ta sha rabi a tsaye, ta juye masa sauran.