Tsohuwar Batsari

Tun suna 'yan mata Hansai da Safiyatu suke ƙawance a wani ƙauye kusa da Wagini, irin ƙawancen nan na kai ƙwarya a mayar da ƙwarya, ko biki ko mutuwa. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, kowa ta kama gabanta. Hansai ta samu ɗaki a Batsari, Safiyatu kuwa ta koma Safana wurin ɗanta Barau mai tsire.

Waya ba ta yi musu rana ba, don kunnen Hansai ya yi nauyi. A yi ta ihu tana "Na'am? Mi kika ce?" har kati ya ƙare. Shi ne ɗanta Zainulabidin ya zo daga Kaduna da wasu fitilu biyu, kowace kamar ƙoƙo a kife, da layin waya a ciki, ana cajin su da rana. In aka dafa ɗaya sai ɗayar ta kama da koren haske, ko ina take. Ya kai wa Safiyatu tata har gida, aka kuma yi alkawari: dafawa ɗaya gaisuwa ce, in kuwa aka yi ta dafawa ba ƙaƙƙautawa, to ba lafiya, a zo.

Hansai ta riƙe abin nan hannu bibbiyu. A wurinta gaisuwa gaisuwa ce, ko ta baki ko ta fitila, kuma ba a barinta a ƙasa. Ta ɗinka wa fitilar 'yar shimfiɗa ta ɗora ta bakin taga inda za ta hango ta daga madafa. Da ta ga kore sai ta saki muciya ta ruga. Tuwo ya sha ƙonewa. Ran nan har santsi ya kwashe ta ta gurɗe ƙafa, amma da rarrafe sai da ta je ta amsa. A garin da ba ta san kowa ba, wannan hasken kaɗai ke shaida mata akwai mai tunawa da ita.

Da farko sau ɗaya take kamawa da safe. Daga baya sai ta koma kamawa da azahar, da la'asar, babu tsari. Hansai ta yi ta jin daɗi, tana gaya wa maƙwabta kewa ce ta ishi ƙawarta.

Wata ranar kasuwar Safana fitilar ta kama, ta mutu, ta kama, ta mutu, ta ƙi tsayawa. Hansai ta yi ta amsawa, abin bai tsaya ba, ta ce ba lafiya, sai ta je. Maƙwabta suka ce hanyar ba kyau kwanan nan, ta haƙura. Ina! Ta ƙulle wake kaɗan a ɗankwali, ta hau acaɓa tana ɗingishi, tana salati har Safana.

Ta tarar da Safiyatu zaune a inuwa garau da ita, tana tsince shinkafa.

"Hansai? Lafiya kika kwaso ƙafa?"

"Ni zan tambaye ki. Ba ke kika kira ni ba?"

"Au, wai fitilar nan? Ai tun kaka Barau ya ɗauke ta. Ni ta ishe ni, kullum sai an dafa kamar jinjiri. Tana can rumfarshi."

Ko hannu ba ta tsame daga shinkafar ba. Hansai ta ajiye waken, ta ce bari ta ga rumfar.

Ba ta sha wahalar nema ba, shewar maza ce ta kai ta. Ga fitilar nan a gefen tukuba, ta yi baƙi da hayaƙi, maiƙo ya dafe ta. Masu jiran tsire sun zagaye ta, wannan ya dafa, wancan ya dafa. Barau yana can yana fifita wuta, bai lura da ita ba. Wani baƙo ya tambaya mene ne abin dariyar.

"Wata tsohuwa ce a Batsari," in ji wani mai jar hula. "Kana dafawa take amsawa, ko mi take yi. Wallahi ko kare ba ya zuwa kira da sauri haka."

"To yau mi ya same ta? Ɗazu muka yi mata taron dangi tana ta amsawa, yanzu shiru."

"Halan ta mutu."

Aka kwashe da dariya. Hansai tana tsaye daf da su, har mai jar hular ya matsa mata yana cewa a sallami Iya, ta daɗe tsaye. Kunnen da ya ƙi jin muryar ƙawarta a waya, yau bai bar ko kalma ɗaya ta wuce shi ba. Kunya ta rufe ta. Ta juya ta kama hanyar Batsari.

Da ta isa gida bayan la'asar, ta zauna bakin gado ko mayafi ba ta cire ba. Ɗakin tsit, ba wanda ya leƙo ya ce mata sannu da hanya. Can sai fitilar ta kama. Ta san ko su wane ne, ta san hannun da maiƙo, ta san abin da za su ce. Ta daɗe tana kallon hasken tana hawaye. Sannan ta miƙa hannu ta dafa.