Kwana Uku a Sama

Tun da Baba ya kwanta, tambayarsa ɗaya ce kullum: yaushe Auta zai zo? Yaya, wadda ke jinyarsa a ɗakin bayan shagon ɗinkinta, ta haddace amsar da Autan ya ba ta a waya. Ƙasar da yake aiki ƙarshen duniya ce. Kwana uku ake yi a sama, a sauka nan, a canja jirgi can, ga shi ba a ba shi hutu. Da wannan amsa take rufe bakin dangi. Har gaba ta yi da ƙanwar Baba a kan ta ce yaron ba shi da kirki.

Wata safiya wata doguwar mata ta kawo siket ɗin aiki a rage mata ƙugu. Ma'aikaciyar jirgin sama ce, ga fara'a, ga surutu kamar rediyo. Yaya na gwada ta da tef, ta ambaci garin da ƙaninta yake, har da ɗan alfaharinta.

"Lah, ai hanyata ce!" in ji matar. "Shekaranjiya na je, jiya na dawo."

"A'a, ba can ba dai. Wannan kwana uku ne."

Matar ta yi dariya. "Kwana uku? Sai dai in a jaki. Awa takwas ne, ba tsayawa. Ki karya a nan, ki ci abincin dare a can. Kullum akwai jirgi, rabin kujerun ma babu kowa."

Yaya ta ce to. Ta cire fil daga bakinta ta soke a ƙugun siket ɗin, ta faɗi ranar karɓa, ta raka matar bakin ƙofa. Ta koma kan keken ɗinki ta zauna, zare ya ƙi shiga allura. Yaron da ta goya, ta wanke wa kashi, shi ne ya mayar da ita sakarya, ya aike ta da ƙarya gida-gida. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta kira shi. Ya ɗauka da muryar nan tasa mai zaƙi.

"Yayata ta kaina! Ya jikin Baba?"

"Awa takwas ne, Auta."

Ta jira ya musa, ko ya ce ta yi haƙuri. Da ya yi ko ɗaya, wataƙila da ta sauko.

"Wa ya gaya miki?" ya ce. "Ba dai kin faɗa wa Baba ba?"

Ta miƙe, ta ɗaga labulen ɗakin baya. Tsohon na kwance, ya rame har zobensa ya koma babban yatsa.

"Ni na gama kai saƙonka. Ga shi, gaya masa da bakinka."

Ta kara masa wayar a kunne. Baba ya buɗe ido, fuskarsa ta washe, ya fara laluben gefen gado zai tashi.

"Auta? Ka sauka ne? Bari yayarka ta zo ta ɗauko ka."